Wa Ke Ban Ruwa A Gonar Dalhatu?

SHAFI NA 17

Na ga saƙonninku, jama'a. Wadda ta ce in ban kawo shafin nan yau ba za ta biyo ni har gida, to ki sauke mayafinki ki zauna, ga shi na kawo. Kwana biyu sabis ne ya yi mana yaji, sai da na hau kan turmi a tsakar gida na ɗaga waya sama kafin ya tafi.

Ku da kuka shigo yau, ga inda muke. Lawwali mai shagon caji a kasuwar Sabon Birni saura kwana huɗu a ɗaura masa aure da Firdausi ta garin Isa. Bazawara ce, mijinta Hussaini 'yan bindiga suka tare a hanya bara, aka kawo labarin rasuwarsa. Dalhatu kuwa yayan Hussainin ne, kuma sau biyu yana zuwa da roƙon a ɗaga bikin ba tare da ya faɗi dalili ba.

*

Litinin da hantsi janareta yana ta ƙugi a bayan shago, wayoyi sun fi hamsin a jere, kowace da igiyarta kamar awaki a turke. Lawwali na zaune da wayar Dalhatu a hannu, ya haɗa gira kamar wanda aka aiko wa da sammaci.

Tun da wasan gonar nan ya shigo gari Lawwali ya samu ƙarin sana'a. Masu wasan sun ce kyauta ne, kuma ba su yi ƙarya ba, shiga kam kyauta ne. Za ka shuka gero da wake a cikin waya, amma shuka sai da ruwa, ruwan kuwa ko ka sayi zinaren wasan da kuɗinka na gaske, ko ka zauna ka kalli talla ta daƙiƙa talatin a ba ka guga ɗaya. Manoman da rashin tsaro ya koro daga Gangara da Gatawa, waɗanda rabonsu da riƙe fartanya an yi damina biyu, su suka fi kowa kamuwa. Da safe sai su bar wayoyinsu a shagon Lawwali su tafi neman na abinci, shi kuma yana caji yana danna musu talla. Caji da ban ruwa ake ce wa aikin, kuma kowa ya san farashinsa.

Akwai hanya ta uku ta samun ruwa, ita ce ta hana Lawwali barci. Maƙwabcinka na cikin wasa zai iya shigowa gonarka ya zuba maka, in ya zuba kuwa sai wasu jajayen zukata su tashi su cika fuskar wayar.

Yanzun ma ga su nan sun tashi.

Sunan da ke jikinsu: Firdausi.

Ba sunan kawai ba, da ya ce Firdausi ai da yawa a duniya. Hoton da ke gefen sunan hannu ne da jan lalle, da zoben azurfa mai koren dutse. Lawwali ya san zoben nan kamar yunwar cikinsa, don duk zancen da ya je shi yake kallo in kunya ta hana shi kallon fuska.

Wata biyu ke nan kullum sai ta shigo. Ya haɗiye, ya haɗiye, har ya rame. Amma yau da ya leƙa wurin kyaututtuka sai ya ga abin da ya ƙarasa shi. Jiya Dalhatu ya aika mata da duwatsun ado guda bakwai, irin waɗanda talla ba ta saya, sai zinare.

"La'ilaha illallahu," ya faɗa a fili. "Ni nit tura kuɗin ga da hannuna!"

Shi ɗin ne kuwa. Jiya Dalhatu ya sayar da ɗan waken da ya rage masa ya zo ya ce a saya masa zinare. Lawwali har da yi masa wa'azi a kan almubazzaranci, ashe kayan toshin amaryarsa yake tura wa wani.

Sai komai ya jeru masa a kai. Ɗage biki sau biyu. Zuwan Dalhatu Isa wai duba Basira, 'yar marigayi. Maganar da wata tsohuwa ta yar a gabansa ran nan, wai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, matar ƙane ai wa ya fi cancanta da ita.

Kishin maza, 'yan uwa, ba a cika ba shi shafi a littafi ba, amma wallahi in ya motsa ya fi namu rashin hankali. Mu ko ba komai muna tsayawa mu yi bincike.

Lawwali ya danna kan sunan. Ya nemo inda ake cire maƙwabci. Wasan ya fito da hoton wata saniya tana hawaye, ya tambaye shi ko ya tabbata, ga kore na fasawa ga ja na cirewa.

Ya danna ja.

Gonar da ke maƙwabtaka da ta Dalhatu ta ɓace, ciyawa ta rufe wurin. Nan take tallar wani man shafawa ta taso da kiɗa, Lawwali ya kalle ta har ƙarshe yana huci, aka ba Dalhatu guga ɗaya.

Ya jefa wayar a aljihun tebur ya kulle. Ya leƙa shagon da ke jikin nasa.

"Malam Is'haƙa, don Allah sa mani ido ga shago. Za ni Isa in dawo."

Dattijon mai gyaran rediyo ya ɗago da tabarau a kan hanci.

"Isa? Yanzu? Ango, kwana huɗu ɗai sunka rage, ba ka iya haƙuri?"

"Wata magana ta."

"To ka dawo kahin la'asar. Ka san hanyar."

*

Kowa ya san hanyar. Motar ta cika da surutu har suka kai wata kwana mai duhuwar itatuwa, sai kowa ya yi tsit, direba ya ƙara wuta, wata mata a baya tana ta jan salati. A nan aka tare su Hussaini. Lawwali ya saba yi masa addu'a duk lokacin da ya wuce wurin, amma yau zuciyarsa na kan duwatsu bakwai, har suka wuce bai tuna ba.

Ana kiran azahar ya yi sallama a zauren gidan su Firdausi. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, ƙamshin ƙuli-ƙuli na biye da ita.

"Malam Lawwali? Lahiya da rana tsaka? Ba ka ce kana tahe ba."

"In nac ce ina tahe ai sai a ɓoye."

"A ɓoye mi?"

"Wayar."

Ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Ga ta. Mi tay yi?"

"Ba wagga ba. Babbar. Wadda kike ban ruwa da ita."

Firdausi ta yi 'yar dariya, don ta ɗauka barkwancin angwaye ne.

"Ban ruwa kuma? Ni lambu gare ni?"

"Kada ki maishe ni yaro, Firdausi."

Dariyar ta tsaya.

"Wata biyu cur kullum sai kin shiga gonar Dalhatu cikin wasan ga. Ina zaune zukata na tashi gabana awa fara. Jiya ya aiko maki da duwatsu bakwai, ni nis saya mashi su ban sani ba. In shi kike so ki hwaɗa mani tun ba a tara mutane ba. Ni ba ni aure da rabin zucciya."

"Yaya Dalhatu?" Ta dafa ƙirji. "Yaya Dalhatun da ko ido ban iya haɗawa da shi?"

"Ga waya ai ba a haɗa ido."

"Innalillahi. Wa yaf hwaɗa maka wagga ƙarya?"

"Idona. Sunanki na gani, da hannunki, da lallenki, da zoben ga da ke yatsanki yanzu haka."

Ta sunkuyar da kai ta kalli zoben. Ta daɗe tana kallonsa. Da ta yi magana muryarta ta koma can ƙasa.

"Jan lalle na? Hannun dama, bisa wani shuɗin zane?"

"Kin ko tuna."

"Ran sunan Basira anka ɗauki hoton ga."

Ta jingina da bangon zaure.

"Wayar da ke da hoton ga ba ta hannuna, Malam Lawwali. Shekara guda da wata biyu ba ta hannuna. Ta baban Basira ta hwaɗa cikin ruwa, nib ba shi tawa ya riƙe, zai je Sabon Birni ya ɗaura ma wani sola ya dawo. Tana cikin aljihunai ranar da anka tare su."

Ƙarar tabarya na fitowa daga cikin gida.

Duk jawabin da Lawwali ya tsara a mota ya watse.

Firdausi ta ɗago. Ta matso taku ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kac ce kullum? Kullum ana shiga?"

"Eh... to..."

"Hal yau?"

"Hal yau da hantsi."

"Wa ka taɓa ta? Lawwali, wa ka taɓa wayar ga?"

Ko Malam ɗin ta manta. Amma ba wannan ne ya soke shi ba. Fuskarta ce. Wata shida yana zarya a wannan zaure, ya kawo turare, ya kawo atamfa, ya saya wa Basira takalmi mai wuta, bai taɓa ganin idon Firdausi ya yi irin wannan haske ba. Yau ga shi ya gani, kuma ba don shi ba ne.

Wani sabon kishi ya taso masa wanda ya sa na ɗazu ya zama wasan yara. Da Dalhatu ne, ai ana iya faɗa da Dalhatu.

"Wa kuwa za shi taɓa ta?" ya ce, yana kallon ƙasa. "Waɗanda sunka kwashe wayoyin mana. Su ma suna wasan ga cikin daji, kowa ya sani."

Hasken ya dushe a hankali, yana kallo.

"Haka na," ta ce. "Haka na. Mutum biyu sunka yi rantsuwa gaban alƙali sun ga ya hwaɗi. Na yi takaba na gama. Mi ma ya kai ni."

Ta share ido da bayan hannu. Sai kuma ranta ya ɓaci, ta miƙe tsaye sosai.

"Kai kuma ka hau hanyar ga, hanyar da tac cinye shi, da rana tsaka, don ka zo ka tuhume ni da wan mijina?"

"Firdausi, ki yi haƙuri, ni..."

"Ba ka iya tambaya ta waya? Ba ka iya tambayar shi Yaya Dalhatun?"

"Raina ya ɓaci."

"Nawa hwa?"

Ta juya za ta shiga gida, sai ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba.

"Gonar da ke cikin wayar baban Basira yas shuka mani ita, ni ban iya ba. In ka koma ka ce ma Yaya Dalhatu ya ɗauko mani hotonta in gani. Ko su wa ke riƙe da ita, ina son in gani."

Lawwali ya ce to. Bai gaya mata cewa ciyawa ta rufe wurin tun hantsi ba.

*

Ya samu motar ƙarshe da kyar. Da suka zo kwanar nan ya yi niyyar addu'a, sai ya rasa wacce zai yi, ta mamaci ko ta mai rai. Har suka wuce bai yi ko ɗaya ba.

Tun daga nesa ya hango Dalhatu zaune a kan bencin shago. Siminti ya yi masa fari fat har gira, don tun da ya baro gonarsu ta Gangara leburanci yake yi wa magina. Yana ganin Lawwali ya miƙe.

"Ina kas shiga haka? Tun azahar nike nan. Malam Is'haƙa ya ce ka kulle ta."

"Na ɗan je wani wuri, Yaya."

Lawwali ya buɗe aljihun tebur, ya miƙa masa wayar. Dalhatu ya karɓa da hannu biyu amma bai kunna ba. Ya leƙa waje, ya jawo ƙyauren shagon rabi.

"Zamna, Lawwali. Akwai maganar da ban hwaɗa ma kowa ba, ko Inna ba ta sani ba. Kai ka da haƙƙin ji kahin kowa, don kai nif fi cuta da ita."

Lawwali ya zauna a kan jarkar fetur.

"Ka san sau biyu ina ɗage maka biki."

"Na sani."

"Na san ka ji haushina. Ko ni na, sai in ji." Ya juya wayar a hannunsa. "Wata biyu da sunka wuce ina zamne da dare bayan isha'i, sai nig ga an ba gonata ruwa. Da sunan Firdausi. Wayar da Hussaini yat tahi da ita."

"Ƙila ɓarayin na," Lawwali ya ce da sauri.

"Haka nic ce. Na kira layin ya fi sau ɗari, a kashe, sun canza shi. Wasan ga kuma ba ya da wurin rubuta magana, sai ban ruwa da kyauta. Amma nis shiga gonar nid duba. Lawwali, layi ukku na gero, layi guda na wake. Layi ukku na gero, layi guda na wake. Wa ka shuka haka cikin waya? Kowa abin da yaf fi kawo maki shika cikawa. Wagga shukar gidanmu ta."

"Manomi duk haka shika yi."

"Shi ya sa ban hwaɗa ba. In na ce ma Inna ɗanta na da rai, ta tashi ta yi murna, ashe wani ɗan bindiga na ka wasa, na kashe ta da hannuna. In na yi shiru kuma anka ɗaura ma Firdausi aure da mijinta na numfashi, mi za ni ce ma Allah?"

Janareta ya yi tari ya ci gaba.

"To in shi na, don mi bai kira ba?"

"Ina tunanin wayar na hannun wani babbansu. Hussaini ya iya sola, ya iya gyaran waya, irinsu ba su kashewa da wuri. Ƙila shi aka miƙa ma wayar ya yi caji ya kalli talla, awa yadda muke miƙa maka. Ana tsaye kainai ba ya iya kira. Amma wa za shi hana shi ban ruwa?"

Lawwali ya kalli wayoyin da ke jere a kan allo. Ya kawar da kai.

"Shi na nis sayar da waken," Dalhatu ya ci gaba. "Babanmu, Allah ya jiƙan shi, duk gonar da yan noma sai ya bar kusurwar gabas ba shuka. Ya jera duwatsu bakwai ya yi masu baka, nan muke salla in azahar ta same mu gona. Masallacin Baba muke ce mashi. Ni da Hussaini mu ka ɗauko duwatsun daga rafi duk shekara, muna faɗa kan wa za shi ɗauki babban."

Ya yi murmushi, idonsa ya ciko.

"Jiya nit tura duwatsu bakwai. In ɓarawo na, za shi watsa su ko'ina don ado, ko ya sayar ya sayi ruwa. In ko Hussaini na, ya san inda za su. Tun da sahe nike ɗaukar bulo, zucciyata na ga wayar ga. In na buɗe na ga masallacin Baba, to Lawwali sai dai ka yi haƙuri, ka ɗauki ƙaddara. In ban gani ba, Juma'a ni za ni karɓa maka auren da bakina."

Nan ne fa ya kamata Lawwali ya yi magana. Kalma huɗu ce kacal, Yaya ni na cire. Ta zo masa har maƙogwaro. Sai fuskar Firdausi ta faɗo masa, da hasken nan da ba nasa ba, kalmar ta koma ciki.

"Bismillahi," Dalhatu ya ce, ya kunna.

Wasan ya buɗe da talla. Wani mutum mai farin haƙori yana rawa da kwalbar lemo, a kusurwa lamba tana sauka, talatin, ashirin da tara, ashirin da takwas. Ba a iya tsallakewa. Ƙattin maza biyu suka zuba wa mai lemo ido, ba mai ko tari.

Uku. Biyu. Ɗaya.

Gonar Dalhatu ta fito, geronta kore shar. Ya ja yatsa zuwa gefe.

Ciyawa.

Ya ja baya, ya sake ja. Ya fita daga wasan ya sake shiga, aka sake sa masa wata tallar, ya jira ta ƙare. Ya duba jerin maƙwabta daga sama har ƙasa, sau biyu, yana bi da yatsa kamar mai karatun allo.

"Ba ta nan," ya ce. "Lawwali, duba mani, ƙila idona na."

Lawwali ya karɓa ya yi kamar yana dubawa.

"Ba ta nan, Yaya."

"Ba a iya maido ta? Ko da zinare? In sayar da katifata yanzu."

"Sai da lambar gonar. Lambar kuma tana can cikin waccan wayar. Daga can ɗai aka iya nemo ka."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, ita kaɗai ce gaskiyar da ya iya a ranar.

Dalhatu ya zauna a ƙasa, a kan simintin shagon, ya haɗa kai da gwiwa.

"Sun gane shi," ya ce. "Duwatsuna sunka tona shi. Sun ga yana jera su sun gane magana mukai. Ko ko tun farko ba shi na ba, wani na yag gaji da ni ya cire ni. Ko wanne na, ni nij ja."

Sai ya fashe da kuka. Ba kukan da ake yi a zaman makoki ba, wanda ake yi ana gyara hula. Kuka na gaske, kafaɗunsa na jijjiga, hawaye na yanka hanya a cikin simintin fuskarsa.

Lawwali ya tsaya a kansa da waya a hannu. Tausayi ya kama shi. Amma zan faɗa muku abin da shi ba zai faɗa ba, can ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan sanyi da ya ji, sanyin cewa Juma'a tana nan. Ya ji shi sarai, ya kuma tsani kansa da ya ji.

Ladan ya kira magariba. Dalhatu ya share fuska da gefen riga ya miƙe da kyar. Ya kamo hannun Lawwali ya riƙe.

"Ka yahe mani. Na riƙe ka wata biyu kan mafarki. Kai mutumin kirki na, Hussaini ma da ya san kai za ka riƙa mashi Basira da ya yi murna. Juma'a ba hwashi."

"Yaya..."

"Bar ta nan ta yi caji, ta kusa mutuwa. Gobe ka goge mani wasan ga gaba ɗai, ba ni son ƙara ganin shi. Taho mu yi salla."

"Ina tahe. In kashe inji."

Dalhatu ya fita yana jan ƙafa.

Lawwali ya soka wa wayar caji ya ajiye a kan tebur. Ya ɗauki buta. Ya kai bakin ƙofa ke nan sai ya ji ƙararrawar nan ta wasan, 'yar siririya, irin ta wuyan akuya.

Ya dawo da baya.

Saƙo ne a tsakiyar fuskar wayar. Hannu mai jan lalle, zobe mai koren dutse. Firdausi tana neman zama maƙwabciyarka. A ƙasa ga kore na amincewa ga ja na ƙi, ga kuma agogo yana sauka, don wasan minti goma yake ba mutum ya amsa kafin neman ya ɓace.

A bayan rubutun ana hango gonar mai neman. Layi uku na gero, layi ɗaya na wake. Kusurwar gabas babu ko tsiro, sai duwatsu a jere sun yi baka.

Lawwali ya ƙirga su da ido. Ya sake ƙirgawa. Bakwai ne, babban yana tsakiya.

Butar ta suɓuce daga hannunsa, ruwa ya malale masa a ƙafa.

Inuwa ta tare ƙofar shagon.

"Na mance hulata," in ji Dalhatu. Ya sunkuya ya ɗauke ta daga kan benci, sai ya tsaya. "Lawwali, awa na ji ta yi ƙara?"

Lawwali ya kifa wayar a kan tebur ya ɗora tafin hannunsa a bayanta.

"Talla ta, Yaya."

A ƙarƙashin hannunsa saura minti tara.